Shekarar da Fure Ya Sha Ruwan Albasa

Azumin bana ya sake faɗowa a bakin zafi, daidai lokacin da sanyi ya tattara nasa ya nasa, iskar rana ta fara gasa fuska. Jiya da la'asar ina zaune a inuwar katanga, nan gidan ɗana a Mai Wurno, sai na ga jikata ta jawo tiyo ta ajiye a gindin wani fure da ta sayo a Sinnar, ta shige ɗaki abinta. Ruwa ya cika gindin, ya malalo, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya nufi waje. Ban san sa'ad da na daka mata tsawa ba. Ta fito a guje tana cewa da Larabcin yaran yanzu, "Habboba, moya ce fa kawai!" Wato, "Kaka, ruwa ne fa kawai." Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga labarin ya fi ƙarfin mai ƙishirwa. Na ce ta rufe famfon. Amma tun daga nan zuciyata ta koma wani azumi irin wannan, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ba da daɗewa ba bayan tafiyar Turawa.

A lokacin muna zaune a wani ɗan ƙauyen Hausawa kusa da Kamlin, tsakiyar ƙasar auduga. Gida goma sha ɗaya ne, bukkoki da dangar kara. Babu mai hawasha a cikinmu, wato gonar da hukuma ke yanka wa mutum. Mu 'yan ƙwadago ne, mu yi noma a gonar wani, mu tsinci audugar wani. Ƙasar da muka kafa bukkokin ma ba tamu ba ce. Wani ɗan zirin fili ne a bayan lambun mufattish, babban jami'in da ke kula da gonakin yankin. Saboda maigidana ne mai kula da lambun aka bar shi ya zauna a nan, 'yan uwa suka zo ɗaya bayan ɗaya suka raɓu da shi.

Sunansa Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Yanzu da ya kwanta dama ne nake iya faɗar sunan. Da Malam nake ce masa. Ya koyi aikin fure a hannun matar wani Bature tun yana saurayi. Mutum ne marar yawan magana, mai kaushin hannu, amma in ya kama reshen wardi sai ka ce jariri ya ɗauka.

Ruwanmu daga tur'a yake zuwa, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. Wani Balarabe mai suna Balla, shi ne gafir, mai riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa. Duk mako yakan buɗe mana, ruwa ya biyo wata 'yar hanya ya zo ya rabu biyu: hannun dama lambu, hannun hagu fadamar albasar Yaya Asabe. Yaya Asabe yayar Malam ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Wannan albasa ita ce abincinta na shekara, da ita take samun dawa.

Da shigowar sanyi a shekarar, sabon mufattish, shi ma Balarabe, ya aika aka kira Malam. Da ya dawo bai taɓa tuwon da na ajiye masa ba. Sai da na matsa ya ce, "Kulu, za a yi baje kolin furanni a birnin Madani. Manya za su zo daga Hartum. Kowane yanki za a yanka masa fili ya shirya lambunsa, alƙalai su duba."

Na ce, "To ai abin alheri ne. Wa ya fi ka?"

Ya ce, "Ki bari in ƙare. Ya ce in lambun nan bai fisshe shi kunya ba, bai ga amfaninsa ba. Wai akwai masu neman ƙasar nan su shuka auduga, har da inda muke kwana."

Na ɗauke kwanon na rufe.

Filin da aka ba mu a Madani taku goma ne a tsaye, takwas a kwance. Malam ya auna irinsa a bayan ɗakina, ya kafa turaku, ya ja igiya. Kwana uku yana zana shi da toka yana sharewa. Yana son ya yi irin na Turawa, layi-layi kamar sojoji, amma ya san duk sauran masu lambun wajen Turawan suka koya, kowa haka zai yi. Ran na huɗu ina zaune ina ɗinkin faifai, sai na ga inuwarsa a kaina. Ya tsuguna, ya karɓi faifan, ya juya shi a hannu.

"Me ya sa kike sa farin kaba tsakanin ja da shuɗi?"

Na ce, "In ba a raba su ba faɗa suke yi. Ido ba ya samun wurin hutawa."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Taso ki zana mini wannan a ƙasa."

Haka aka yi lambunmu ya zama faifai. A tsakiya rabin ganga da za a binne a cika da ruwa. Zagaye na farko jan wardi. Na biyu farin ful, furen nan mai ƙamshi da yamma. Na uku wani ɗan ganye mai launin jinin kare da ake yi wa aski. Sannan ciyawar najila, kore shar, da za a yanko da ƙasarta kamar tabarma. A baya kuma jahannamiyya, mai furen nan kamar takarda, ta yi wa lambun bango. Komai a gwangwanin kananzir za a rene shi, a can Madani a binne gwangwanayen, mai kallo ya zaci a nan suka tsiro.

Muka bi gari muna tara gwangwani. Maza suka fasa ƙasan da ƙusa, mata muka tankaɗe taki da yashin kogi. Watanni biyu na sanyi abin ya tafi daidai. Ruwa na zuwa kan kari. Da safe raɓa kan kwanta a ganye, hannu ya ƙage in ka taɓa gwangwani. Shi wardi, in an yi masa kaciya, wato an datse rassansa, kwana arba'in yake ɗauka ya buɗe. Malam ya ƙirga kwanakinsa daga ranar baje kolin ya dawo baya, ya yanke su rana ɗaya. An sa ranar mako guda kafin azumi.

Saura kwana biyar, kowane reshe ya ɗauki ƙunshin fure, wasu har sun fara nuna ja a baki, sai ga kukun mufattish a kan jaki. Ya ce babban baƙon da zai buɗe taron ba zai samu zuwa ba, an ɗaga sai kwana uku bayan Sallah.

Malam ya ce, "Bayan Sallah? Ka san abin da rana ke yi bayan Sallah?"

Kuku ya ce, "Ni saƙo aka ba ni."

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Malam ya ɗauko almakashinsa ya bi wardin nan ɗaya bayan ɗaya yana datse ƙunshin. Na bi shi ina cewa, "Malam, ka yi hankali, Malam!" Bai juyo ba. Da ya gama, ƙasa ta yi ja kamar an yi yanka. Ya ce, "In na bar su, kafin a ga wata sun zube. Yanzu sai su sake wani arba'in ɗin. In zafi bai gaggauta su ba. In kuma sun rayu."

Aka ga wata. Kwanakin farko da sauƙi. Mukan sha kunu mu yi asuba, Malam ya shiga lambu tun gari bai gama wayewa ba, ni da sauran mata mu ɗauki buhuna mu tafi tsintar auduga. Kafin hantsi ya ɗaga, ƙasar nan baƙa ta fara tururi, ɓawon audugar yana sukar yatsu, leɓe ya bushe ya tsage. Da azahar mu dawo mu zube a inuwa kamar wanki. Da la'asar in jiƙa abre, abin shan da ake buɗa baki da shi a nan, in ɗora tukunya, sannan in je in taya Malam juya gwangwanaye, don kada gefe ɗaya ya sha rana ya ƙone. Ya yi musu rumfar zana, yana buɗewa da safe, ya rufe da hantsi, ya sake buɗewa da yamma. Gwangwanin kansa yakan yi zafi har ya dafa saiwa, sai muka naɗe kowanne da tsumma da ganyen ayaba.

Ran goma ga wata ruwa bai zo ba. Ran sha biyu ma haka. Malam ya je wurin Balla. Da ya dawo, a fuskarsa na karanta.

An gama shayar da auduga, za a rage ruwan tur'a a yi yasa. Ƙofarmu za a sa mata kwaɗo har damina. Balla ya ce saboda zaman tare zai buɗe mana sau ɗaya, ranar Alhamis, daga fitowar rana zuwa azahar. Daga nan ko uwarsa ce ta roƙa ba shi da iko.

Ruwan rabin yini. Malam ya riga ya haƙa rami a lambu ya shafe shi da yumɓu. In ruwan duka ya shiga ramin, zai riƙe furanni wajen kwana goma. In kuma ya bi hagu, albasar Yaya za ta sha shan ƙarshe da take jira ta yi kai. In aka raba, ba ramin ba albasar, don ruwan da ya ragu a tur'a ba shi da ƙarfin tura hanya biyu.

Aka taru a gindin bedi, wato darbejiya, bayan la'asar, maza a kan buzu, mata daga bayan danga. Kowa bakinsa a bushe, kowa ransa a kusa. Dattawa suka yi ta kewaye-kewaye, babu mai son ya fara. Yaya Asabe ce ta ture danga ta shigo tsakiyar maza.

Ta ce, "Ni ban iya kwana-kwana ba. Isiyaku, hure za mu ci? In ɗiyana sun yi kukan yunwa da bazara, wardi zan dafa musu?"

Malam ya ce, "Yaya, in aka tashe mu, ina za ki shuka albasar baɗi?"

"Baɗi ta Allah ce. Wagga albasa wata huɗu ina duƙe a kanta. Kai ka tabbata in ka kai huren za a bar mu? Ya rantse maka?"

"Bai rantse ba."

"To ka ji. In ba da abin da ke hannuna saboda abin da ke bakin Balarabe."

Babu wanda ya iya ce mata ƙarya take. Wani tsoho ya ce gida goma sha ɗaya ya fi gida ɗaya, kowa zai ɗiba mata daga rumbunsa. Ta dube shi ta ce, "Wane rumbun? Wanda ɓera ke shiga ya fito da hawaye?" Aka kira magariba ba a yanke komai ba. Ranar ko abre bai yi mini daɗi ba.

Alhamis da sassafe na bi Malam zuwa inda hanyar ruwa ta rabu. Mun tarar da Yaya a can. Tana zaune a bakin hanyar hagu, ta miƙe ƙafafu, fartanya a cinyarta. Ta riga ta buɗe nata ɓangaren, ta toshe na lambu da laka. Malam ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya tsaya riƙe da shebur. Mutane suka fara fitowa suna tsayawa nesa-nesa.

Daga can muka ji ƙarar ƙarfe, Balla ya murɗa ƙofa. Ruwa ba ya gudu a busasshiyar hanya, rarrafe yake yi. Muna ganinsa yana tahowa, yana tura kumfa da tsinke a gabansa, yana cika kowace tsaga kafin ya wuce, ƙasa tana ƙara tana sha. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina har maƙogwarona ya motsa, na yi istigfari. Na dubi Malam. Jijiyar wuyansa ta tashi. Na san in ya ɗaga shebur ɗin nan ya ture lakar yayarsa a gaban jama'a, an gama zumunci har abada. Na kuma san in bai ɗaga ba, mun gama zama.

Ruwa ya rage taku goma. Ya rage biyar. Malam ya sunkuya ya ajiye shebur a ƙasa, a gabanta.

Ya ce, "Ke kika goye ni. Ba ni sa hannu in ture ki. Abin da kika yi, shi ke nan."

Ya juya ya kama hanyar gida. Ruwa ya iso, ya taɓa dugaduganta, ya karkata hagu, ya shiga kunyar albasa ta farko. Ina kallo ganyen da suka kwanta suna rawa. Yaya tana zaune ba ta motsa ba har kunyar ta kusa cika. Sai kawai ta miƙe, ta ɗaga fartanya ta sari lakar da ta toshe lambu da ita, ta kwaso ta maka a bakin tata hanyar. Tana sara tana kuka, tana zagin fure da wanda ya kawo fure ƙasar nan. Na matso zan taya ta, ta ce, "Kada ki taɓa!" Da ta gama ta dube ni, fuska duk laka, ta ce, "Ki gaya wa mijinki kada ya sake ce mini Yaya."

Ramin ya cika kafin azahar. Bayan kwana shida ta tuge albasarta. Ban da kunya ɗayan nan, duk sauran ba su fi babban yatsa ba.

Daga ranar babu ɗigon da ya zuba a banza a ƙauyen nan. Malam yana auna wa kowane gwangwani da moɗa. Alwala a kan fure ake yinta. Ruwan wanke dawa, ruwan ɗauraye kwano, ruwan wankan jarirai, duk a tara a kawo. Da ramin ya koma taɓo, saura mako guda Sallah, muka koma ɗauko ruwa daga inda tur'a ta rage, tafiyar da in ka fita da asuba sai rana ta yi sama za ka dawo da tulu ɗaya. Sawu biyu da safe, ɗaya da yamma. Gammo ya cinye mini gashin tsakar kai. Tafiya da ruwa a ka, yana ƙara a kunnenka, yana ɗigo a wuyanka, kana azumi, wannan wanda bai yi ba ba zai gane ba.

Ran ashirin da shida iskar zafi ta taso tun hantsi, irin wadda in ta buge ka sai ka ce ƙofar tanda aka buɗe. Ta yaye rumfar zana ta yi gaba da ita. Muka bi muna dannewa da duwatsu, tana sake ɗagawa. Malam yana tsakiyar rana yana jan gwangwanaye zuwa bayan ɗaki, sai na ga gaban rigarsa ya yi ja. Haɓo ne ya ɓalle masa. Na ce ya karya azumin, Allah ya san halin da yake ciki. Ya toshe hanci da tsumma ya ce, "Kamo wancan." Kafin iskar ta faɗi, kashi ɗaya cikin uku na ful ya ƙone ƙurmus, najila ta yi rawaya a gefe-gefe. Wardi kuwa, ƙunshinsu ya fito, ƙanana, a rufe gam. Kullum da safe sai ya matsa ɗaya da yatsa ya ji taurinsa.

Aka yi Sallah. Na kai wa Yaya tuwo, ta karɓa a bakin danga. Malam ya je gaisuwa, 'yarta ta fito ta ce tana barci.

Washegari babbar mota ta zo. Muka jera gwangwanaye, muka cusa ciyawa a tsakaninsu, muka naɗe najila kamar tabarmi, muka rufe komai da jiƙaƙƙun buhuna. Da buhunan suka kasa, mata suka kawo tsofaffin zannuwa. Malam ya ce in hau, don ni na san faifan. Ban taɓa zuwa Madani ba sai ran nan. Lokacin babu kwalta, motar bakin tur'a take bi, tana faɗawa rami tana fita. Duk faɗawa sai in ji gwangwanaye sun yi kuka. Malam yana tsaye a baya da tulu, yana yayyafi da hannu. Ya roƙi direba ya rage gudu har direban ya fusata ya ce, "Kai mutumin nan, amarya muka ɗauko?"

Filin baje kolin yana kusa da kogi. Na tsaya ina kallon lambunan wasu. Akwai masu injin ban ruwa, furanninsu manya kamar faranti, ma'aikata goma-goma. Aka nuna mana namu filin, can kusa da ƙarshe. Muka ja igiya, muka haƙa, muka binne ganga. Da muka jera ful, sai zagayen ya ƙi haɗuwa. Waɗanda suka ƙone sun bar giɓi kamar bakin tsohuwa. Malam ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Tun da aka fara, ranar ce kaɗai na ga ya karaya.

Na ce, "Malam, in kaba ta ƙare mini ba na jefar da faifai. Matse zagayen nake yi."

Muka tone duka muka matso da kowane zagaye ciki. Filin da ya ragu a waje, ya samo buhunan farin yashi daga bakin kogi, muka shimfiɗa, muka yi masa baki da fasasshen jan bulo. Najilar da ta yi rawaya muka yanke gefen, muka juya sauran ƙarƙashin jahannamiyya. Yini ɗaya da rabi muna duƙe. Muka share sawunmu da tsintsiya muna ja da baya.

Da safen ranar, wajen rabin wardin ya buɗe. Ba manya ba ne, amma ja ne mai duhu, sauran kuma suna kan hanya. Mufattish ya zo cikin fararen kaya, ya zagaya sau ɗaya, ya wuce. Da baƙi suka fara shigowa aka ce ma'aikata su koma bayan shinge. Daga nan na hango alƙalai, mutum huɗu da takardu. A wasu lambunan ba sa ko tsayawa. Da suka zo namu, ɗaya ya wuce, ya dawo, ya kira sauran. Wata mace a cikinsu ta zana da'ira da yatsa a iska tana dariya, na ji ta ce "tabag", wato faifai da Larabcinsu. Wani ya tsuguna ya tona gindin wardi da alƙalami. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu, suka yi rubutu, suka wuce. Na dubi Malam, na ga leɓensa yana motsi.

Sai bayan la'asar aka faɗa. Masu injin suka zo na ɗaya. Mu na biyu. Sunan mufattish aka kira, shi ya hau ya karɓi takarda, aka ɗauke shi hoto a gaban lambun. Da taro ya watse matan manya suka yi ta sha'awar furannin, shi kuma ya yi ta kyauta da su. Muna tsaye aka tone gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya aka zuba a motoci. Ko ɗaya bai rage ba. Da zai shiga motarsa ya hango Malam, ya ɗaga hannu ya ce, "Kwayyis, ya Is'haƙ," wato, "Ya yi kyau, Isiyaku." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ba a sake tayar da maganar ƙasa ba, muka ƙara shekara goma sha huɗu a wurin.

Amma bazarar nan ta yi tsawo. Gidan Yaya daga tukunyata suka ci, da ɗan abin da maƙwabta suka iya. Akwai ranakun da kunu ne safe da yamma, tsararo, kana ganin ƙasan ƙwarya. Ƙaramin ɗanta ya rame har wuyansa ya yi kamar zare. Yaya takan karɓi kwano daga hannuna, amma in ta hango Malam sai ta sauya hanya. Shi kuma abin yana cinsa, ya daina zama cikin maza.

Sai da aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi laushi, kuku ya kawo wa Malam hoto ɗaya, ya ce mufattish ya wanke da yawa, wannan ya rage. Malam ya duba, ya sa a aljihu. Da yamma ya ce in raka shi.

Mun sami Yaya tana gyaran iri a tsakar gida. Ya yi sallama, ya tsuguna nesa kaɗan, ya ajiye hoton a kan tabarmarta. Ya ce, "Ga inda ruwanki ya tafi. Ban da abin da zan kawo miki sai wannan."

Ta yi kamar ba za ta duba ba. Can ta goge hannu a zane ta ɗauka, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta. Hoton baƙi da fari ne, duk jan da muka sha wuya a kansa bai fito ba. Amma zagayen sun fito, ɗaya cikin ɗaya, da mufattish a tsaye yana murmushi da takardarsa.

Ta ce, "Wannan ai faifan Kulu ne."

Na ce, "Shi ne, Yaya."

"Kai kana ina?"

Malam ya ce, "Ban shiga ba."

Ta sake dubawa, ta daɗe. Sai ta sa farce a can gefe, inda hoton ya yanke, wurin shinge. Ta ce, "Ƙarya kake. Ga ƙafarka nan. Ko cikin dubu na san wannan fason." Ta ɗago ta dube shi, karo na farko cikin wata huɗu. "Dube ka, duk ka bushe. Kulu, ba ki ba shi abinci ne?"

Malam ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Yaya." Ba ta hana shi ba.

Ba ta mayar masa da hoton ba. Ta soke shi da ƙaya a jikin zanar ɗakinta, daga baya da aka yi ginin ƙasa ta sa aka yi masa gilashi. Har ta rasu yana nan a saman gadonta. In baƙuwa ta shigo ta tambaya wane ne wannan Balaraben mai fararen kaya, sai Yaya ta ce, "Oho masa, ban san shi ba. Ki dubi bayansa. Albasata ce ta shekarar nan."